Baba Hattara da Injin Huda

Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Masu shagunan layinmu ne suka laƙaba masa, don ita ce kalmar da ya fi rubutawa a duniya. In ka bi ta gaban shagonsa da safe za ka tarar da alluna jingine da bango suna shan iska, fentin bai gama bushewa ba. Hattara. Ba a shiga. Wuta na kisa. Akwai kare. Sauran masu fenti suna zana wa mai aski kawuna, su zana wa mai gyaran takalmi takalmi, don a ja mutane. Shi nasa fannin daban ne. Masana'antu da masu gine-gine da ma'aikatan lantarki ne ke zuwa wurinsa, don sun san in ya zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa gicciye, ko akuya ce ta gani sai ta sake hanya.

Shagona na gyaran agogo yana jikin nasa, bango ɗaya muka haɗa. Ta nan na san abin da na sani.

Mutum ne siriri, mai tsabta, mai magana a hankali. Yana da wata sanda mai ƙullin tsumma a kai, da ita yake tallafar tsintsiyar hannunsa in zai ja layi, kuma layin nasa ba ya karkata. Buroshinsa suna kwana a kwalbar kananzir. A cikin gwangwanayen fentinsa ja ne ke fara ƙarewa, kore kuwa har yakan daskare a gindin gwangwani. Ba abin da ke aiki da lantarki a shagon sai ƙwai ɗaya da fanka, fankar ma da sandar nan yake danna makunninta. In zai yanka katako yakan kai wa kafinta, ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwa a baya, har a gama.

Yana da wa guda, wanda ya yi aiki a masaƙa yana saurayi. Wata rana aka dawo da shi gida daga asibiti, daga nan ya koyi cin abinci da hagu. A lokacin ƙanin yana koyon fenti, yana zanen furanni da tsuntsaye a jikin manyan motoci, har ana cewa yaron nan yana da hannu. Bai ƙara zana fure ba. Ban taɓa jin ya haɗa maganganun nan biyu ba, ni ma ban tambaya ba.

Yayan nasa ya haifi 'ya mace wadda tun tana ƙarama ba ta barin rediyo ya zauna lafiya. Uban yakan danne mata abin da gwiwarsa, ita kuma tana kwance ƙusoshin. Ta girma, ta yi karatu mai zurfi, ta zama malama a jami'a. Kowa Injiniya yake ce mata, har uban da ya haife ta. Ta yi shekaru tana hawa bene tana sauka, daga wannan ofis zuwa wancan, har aka ba ta wani tsohon ɗakin ajiya mai faɗi. Ta share shi, ta tara injuna: na yanka katako, na huda, na walda, kekunan ɗinki, ƙarafan narka dalma, da wani da ke gina abu da narkakkiyar roba, layi bisa layi. Ta kira shi ɗakin ƙere-ƙere. Burinta kowane ɗalibi ya iya shiga, ko mai karatun tarihi ne ko lauya, ya ƙera abin da ke ransa da hannunsa. Amma ita kaɗai ce, ga darussa, ba za ta iya tsayawa a kan kowane inji ba.

Sai ta zo layinmu da kanta, ta durƙusa ta gaishe da Baba Hattara.

"Baffa, aiki na kawo maka."

"Wa za a kora?"

Ta yi dariya. "Ba kora ba ce. Alluna nake so a kan kowane inji, yadda in yaro ya zo zai san abin da zai yi."

Ya ce ya gane.

Ya je ya ga ɗakin. Ya tsaya daga bakin ƙofa yadda ya saba, tana nuna masa injunan ɗaya bayan ɗaya, tana bayani da zumuɗi irin na mai nuna jaririnta. Shi kuwa haƙoran zarto yake kallo. Ya dawo ya ajiye duk wani aiki da ke gabansa, ya sayo jan fenti babban gwangwani. Lokacin hutun ɗalibai ne, Injiniya ta yi tafiya wani taro, ta bar masa makulli. Kafin ta dawo ya gama, ya sa an kafa.

Na ga allunan kafin a ɗauke su, kuma zan iya cewa bai taɓa aiki mai kyansu ba. Na kan zarto hannu ne mai yatsu huɗu, na biyar yana gefe a kwance. Na kan injin huda gashin kai ne ya nannaɗe a jikin ƙarfe. Na ƙarfen dalma ido ne guda, fari fat. Ko keken ɗinki bai bari ba, ya zana allura ta shiga ta farce ta ɓullo ta ƙasa. A ƙarƙashin kowanne akwai rubutu mai kyau, kowane layi da "kada" ya fara.

Da ta dawo ta buɗe ƙofa, ta daɗe a tsaye. Yana bayanta yana jiran ta yi magana, hularsa da ɗigon ja. Ƙanin ubanta ne, shi ya kai ta makaranta ranar farko a kan kekensa, kuma ya bar aikinsa duka saboda ita.

"Sannu da aiki, Baffa," in ji ta. "Allah ya saka da alheri."

Ta bar su a inda suke.

Ɗalibai suka dawo hutu. Suka shigo gungu gungu, suka karanta, suka ɗauki hoto da wayoyinsu, suka fita a kan yatsun ƙafa. Ba a jima ba ɗakin ya sami sabon suna, Mayanka. Hotunan suka kai gidaje, iyaye mata suka yi ta bugo waya suna cewa in ka shiga ɗakin nan ban yafe ba. Injuna suka zauna tsaf, ba ƙura ba garin katako. Masu zuwa ɗakin sai 'yan kaɗan da suka gane ya fi ɗakin karatu shiru, su baje littattafansu a kan teburin kafinta, su ja kujera nesa da zarto.

Shugaban sashen, wanda ake ce wa Farfesa, ba mugun mutum ba ne. Yana da ɗalibai da ke ɗaukar darasi a tsaye, wasu a kan taga, ga kuma ɗaki mai faɗi ba kowa. Ya kira Injiniya ya faɗa mata a fili: in zango ya ƙare ɗakin yana haka, za a shigo da bencina, injunan kuma a rufe su da leda a kai su ma'ajiya. Ta ce ta ji. Ba ta faɗa wa baffanta ba. A lokacin shi yana zaune a layinmu yana ba mu labari cewa tun da aka kafa allunansa ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Ranar hutu yakan je gaishe da yayansa. Ya same shi a kan benci a ƙofar gida, ya soke hannun rigar dama a aljihu yadda ya saba, yana ɓare lemo da haƙori da babban yatsa.

"Ga mai kashe kasuwa nan ya iso," in ji Yaya.

"Kasuwar wa na kashe?"

"Ta 'yata. Za a ƙwace ɗakin ƙarshen zangon nan. Ita ba za ta faɗa maka ba, kunyarka take ji. Ni kuwa na ga tsiraicinka kana rarrafe."

"Yaya, ko ƙwarzane ba wanda ya yi a ɗakin nan."

"A maƙabarta ma ba a jin ciwo."

Baba Hattara ya zauna a ƙarshen bencin. Yaya ya miƙa masa rabin lemon, ya karɓa ya riƙe, bai sha ba.

"Ta nuna min hotunan a waya," in ji Yaya. "Hannun nan mai yatsu huɗu ya yi kyau. Har ka yi masa rangwame, ka bar masa huɗu."

"Rigakafi ya fi magani."

"Haka ne." Yaya ya tofar da ƙwallon lemo. Sannan ya ce, "Ranar nan a masaƙa akwai allo a saman kaina. Ja ne, mai kyau, irin naka. Kullum sai na karanta shi. Ai na san abin yana cin mutum, ina jin kukansa tun daga bakin ƙofa. Da ya kama hannun rigata, sai na yi ta lalube da ɗaya hannun, ina bugun nan ina bugun can. Ashe makunnin yana nan daidai gwiwata. Ba wanda ya taɓa nuna min."

Shekarunsu sun ba saba'in baya a lokacin, kuma wannan ne karon farko da maganar ta shiga tsakaninsu. Baba Hattara ya sha lemon, ya yi sallama, ya taho. Washegari bai buɗe shago ba.

Injiniya ta same shi a ɗakin ƙere-ƙere yana kan kujera a tsaye, yana kwance allon zarto da kansa.

"Baffa, za ka faɗi."

"Riƙe min kujerar, ki bar surutu. Da kin faɗa min tun ran farko, da bakinki ya guntule?"

Ta riƙe kujerar, ta sunkuyar da kai. Suka sauke allunan duka, suka jingine su suna kallon bango. Sai ta ɗauko takarda ta ce za ta rubuta masa matakan kowane inji, shi kuma ya kwafa da hannunsa mai kyau. Ya karanta na farko, ya mayar mata.

"Na karanta, amma ban san me na karanta ba. In na kwafa, ƙarya zan zana. Abin da ban taɓa yi ba, ta ina zan faɗa wa wani yadda ake yinsa?" Ya dubi injunan, ya zaɓi wanda ya ga ya fi ƙarancin haƙora. "Koya min wancan."

Injin huda ne, irin mai tsayuwa a kan ƙafarsa, da hannu a gefe da ake saukar da bakin. Ya matso kamar mai matsowa kusa da karen da ba a ɗaure ba. Ta fara bayani daga sama, ya tsayar da ita.

"A ina ake kashewa?"

"Baffa, ba mu kunna ba tukuna."

"Na sani. A ina ake kashewa?"

Ta nuna masa. Ya sa yatsa a kai, ya ce ta kunna. Injin ya yi kuka, ya danna, injin ya yi shiru. Ya ce ta sake. Haka suka yi ta yi har ita ta gaji, shi bai gaji ba. Ranar ba su huda komai ba. Da zai tafi ya ce mata, "Ashe yana jin magana."

A kusurwar ɗakin akwai wata ɗaliba mai tabarau, cikin masu zuwa neman shiru, tana karatun shari'a. Kukan injin ya hana ta karatu. Washegari da tsohon ya dawo, ya ɗora guntun katako, ya sauke bakin hudar ba tare da ya matse katakon ba, sai katakon ya ƙwace ya shiga juyi kamar fanka. Ya danna makunnin da sauri, ya ja da baya har hularsa ta faɗi. Yarinyar ta rufe baki da littafi, kafaɗunta suna rawa.

"Jika, kakanki kike wa dariya?"

"A'a, Kaka. Tausayi nake ji. A shekarunka?"

"Gemu ba ya hana ilimi."

"Ba gemun nake ji ba. Hannun ne ke rawa."

"Ke da naki ba ya rawa, me kika ƙera da shi ban da juya takarda?"

Ta koma kan littafinta. Shi kuma ya ɗauki hularsa, ya zaro alli daga aljihu, ya tsaya daidai inda yake tsaye ɗazu. Ya tambayi kansa ina idonsa yake a lokacin da ya yi kuskuren. A kan teburin injin yake, ba a bango ba. Sai ya yi alama da alli a gefen teburin.

Daga nan aikin ya sami hanya. Duk inda ya yi tuntuɓe, nan allo zai zauna. Ya manta tabaran kare ido saboda an rataye su a bayan ƙofa, sai aka dawo da su jikin hannun injin, yadda ba za ka kama hannun ba sai ka cire su. Ya bar ɗan makullin da ake ɗaure bakin huda a jiki, ya kunna, makullin ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi. Aka yi alama a nan ma. Hannun rigarsa mai faɗi ya kusa taɓa ƙarfen, Injiniya ta riƙe shi. Ya naɗe hannun rigar har gwiwar hannu, ya yi alama babba.

Sun yi faɗa ba kaɗan ba. Ita takan rubuta bayani mai tsawo, shi ya ce mai tsaye a gaban inji ba jarida ya zo karantawa ba, ya soke rabi. Wani lokaci ya soke abin da bai kamata ba, ta ce, "Baffa, wannan layin shi ne ke tsakanin yaro da asibiti, mayar da shi." Ya mayar. Hannunsa kuma kullum yana kaiwa ga jan gwangwani. Ta ce ja wuri ɗaya zai zauna a kowane inji, a kewayen makunnin kashewa, don in ido ya ruɗe ya san inda zai faɗa. Ya yi ƙunƙuni, ya ce an mai da shi almajirin 'yar wansa, amma ya je ya fasa daskararren koren nan da kananzir.

Hannuwa ya zana a sababbin allunan, hannuwa masu aiki: ɗaya yana matse katako, ɗaya yana cire makulli, ɗaya yana naɗe gefen mayafi yana sokewa. Ba shi da wanda zai tsaya masa ya kwaikwaya, sai ya riƙa duban nasa na hagu yana zanawa da dama. Shi ya sa duk hannuwan ɗakin nan na tsoho ne, da jijiyoyi a tashe. Layin farko a kowane allo iri ɗaya ne: Nan ake kashewa. Gwada shi kafin ka fara.

Da aka kafa na injin huda, sai ya ce bai yarda da shi ba. Shi ya riga ya iya, idonsa ya daina ganin ramukan. Ya juya wajen kusurwa.

"Jika, zo ki huda min katakon nan."

"Ni? Uwata ta ce in na taɓa wani abu a ɗakin nan ba ta yafe ba."

"Wancan ɗakin ta gani a hoto. An rushe shi. Ko lauyoyi ba sa iya karatu sai an yi musu fassara?"

Ta ajiye littafin ta taso. Sharaɗin shi ne ba wanda zai ce mata uffan, allon kaɗai za ta bi. Baffa da 'yarsa suka zauna a kan benci, ita ta toshe bakinta da hannu don ta san halinta. Yarinyar ta nemi makunnin, ta gwada. Ta sa tabarau a kan tabarau. Ta matse katako. Sai ta tsaya, tana duban allon tana duban injin, hannunta a sama.

"Ta wane gefe ake juya hannun?"

Baba Hattara ya tashi, ya jiƙa tsumma da kananzir, ya goge layin da ya ɓata rabin yini yana ƙawatawa. Ya zana kibiya a wurin.

"Laifina ne?" in ji ta.

"Na allon ne. Sake daga farko."

A karo na gaba bakin ya shiga katakon ya fito, garin ya taru a gefe. Ta ɗaga katakon ta leƙa su ta cikin hudar da ido ɗaya. Ta ce ita abin ɗora littafi take so ta yi, wuyanta ya gaji da sunkuyo.

Ita ce ta ɗauki hoto mai motsi na tsohon yana huda, harshensa a waje kamar yaro mai koyon rubutu, ta tura wa ƙawayenta. Labari ya zaga cewa mai zanen Mayanka da kansa ya shiga hannu. Wasu suka zo kallo kawai. Duk wanda ya zo kallo sai a damƙa masa guntun katako a ce ya gwada allon, in ya tsaya a wani wuri a goge a gyara. Yara suna son a ce su ne suka kama kuskuren babba. Ta haka aka bi keken ɗinki, aka bi ƙarfen dalma, aka bi injin roba. Kowanne sai da tsohon ya fara zama a gabansa ya ji kunya tukuna.

Zarto ne ya gagare shi. Ya tsaya a gabansa, ya gwada makunnin, ya ɗora katako, amma hannun ya ƙi turawa. Ya dawo wata rana ya sake, haka. Ya ce wa Injiniya wannan ba zai iya rubuta masa komai ba. Ta yi tunani, ta ce to ya rubuta gaskiyar abin da ya sani. Allon zarto shi ne mafi gajarta a ɗakin: Nan ake kashewa. Wannan ba a yinsa mutum ɗaya, kira Injiniya. Ta ce ko ita da ta zauna ta tsara, abin da za ta rubuta ke nan.

Ba zan ce ɗakin ya cika ba. Zango ya riga ya yi nisa, jarrabawa ta matso, kuma tsoron da aka dasa da fenti mai kyau ba ya fita da wanki ɗaya. Amma ƙasa ta fara yin datti, har mai shara ta fara mita.

Farfesa ya zo ba sanarwa, da hantsi, tare da wani ma'aikaci riƙe da tef ɗin awo don a ga bencina nawa za su shiga. Ya tarar da rabin teburan da mutane. Keken ɗinki yana tafiya, wani yana goge katako da samfefa, mai tabarau tana koya wa wata yadda ake matse katako, da muryar wadda aka haifa a shagon kafinta. Injiniya ta taho da sauri tana goge hannu. Baba Hattara yana kan tsani yana cike wata kibiya. Ma'aikacin ya ja tef ɗinsa ya fara awo daga bango.

A lokacin ne wani dogon ɗalibi da ke sassaƙa da kurfi ya ja iska ta haƙoransa. Kurfin ya zame ya sami gindin babban yatsansa. Jini ya ɗiga a kan farin katako, ya sake ɗiga.

Ɗakin ya yi tsit, sai keken ɗinki da ya ƙara taku kaɗan ya tsaya. Baba Hattara ya sauko daga tsanin, ban san yadda ya yi ba, shi ma ya ce bai sani ba. Ya tsaya riƙe da buroshi, koren fenti yana bin yatsunsa. Injiniya ta yunƙura za ta nufi yaron, sai ta ga ba ya nemanta. Ya ajiye kurfin, ya danne wurin da ɗaya hannun, ya ɗaga shi sama, ya bi kibiyoyin da ke ƙasa zuwa famfo. A saman famfon akwai hannun tsoho a zane yana wanke yatsa, a gefensa akwatin magani a buɗe. Abokinsa ya bi shi, ya karanta masa allon da ƙarfi, ya yago filasta. Suna yi suna musu a kan wa ya fi wani rashin hankali.

Da aka waiwayo, tsohon ne zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur. Shi aka kawo wa ruwa.

"Kaka, wai kai aka yanka ne?" in ji mai tabarau, tana yi masa fifita da littafin shari'a.

"Rufe min baki," in ji shi.

Farfesa ya taka har wurin yaron, ya kama hannun ya duba filastar.

"Za ka dawo gobe?"

"Ranka ya daɗe, yanzu ma ban gama ba." Yaron ya koma teburinsa, ya goge jinin da tsumma, ya dubi allon da ke gabansa, ya juya katakon yadda bakin kurfin zai riƙa tafiya gaba, ba wajen hannunsa ba.

Farfesa ya zaga ɗakin a hankali, yana karanta allunan ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a baya. A gaban injin huda ya daɗe. Ya miƙa yatsa ya taɓa jan da'irar, bai danna ba. Sannan ya ce wa ma'aikacin ya naɗe tef ɗinsa, su je su duba tsohon garejin da ke bayan ginin, ko za a iya fasa masa tagogi.

"Na ba ki shekara guda," in ji shi ga Injiniya. "Amma safiyar wasu ranaku zan turo miki 'yan aji ɗaya su yi darasi a kan teburan nan. Ba ni da inda zan kai su."

"A turo su, ranka ya daɗe."

Ya tsaya a gaban tsohon da ke ƙasa, ya ɗan rusuna. "Sannu, Baba. Jikin da sauƙi?"

"Da sauƙi. Tsanin ne ba shi da kyau."

Da la'asar Injiniya ta rako baffanta bakin titi, tana riƙe masa jakar buroshi. Sun daɗe a tsaye ba mota. Can ta gyara murya.

"Baffa, saura injin walda."

"Mai tartsatsin nan?"

"Shi."

Ya dubi titi, ya dubi tafin hannunsa. Mota ta tsaya, ya karɓi jakarsa, ya sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Ki bar ni in huce," in ji shi. "Jibi."